Marga, Itaciyar Ƙawa Da Muka Bari A Daji

Jama'a manoma, da 'yan kasuwa, da akawuna masu karanta wannan fili, yau za mu ɗan ajiye maganar hatsi, mu juya kan wata itaciya wadda ba a cin 'ya'yanta, ba a kuwa auna su a kasuwa, amma wanda duk ya dasa ta a ƙofar gidansa ba zai yi da-na-sani ba. Watau marga.

Kowa ya taɓa ratsa daji a watan Maris ko Afrilu ya san yadda ido ke gajiya. Ciyawa ta ƙone, yawancin itatuwa sun kaɗe ganye, zafin bazara ya hana tsuntsu ma sakewa. Ana cikin haka sai ka hango wata itaciya can gefen tudu ta lulluɓe da fure rawaya tun daga bisa har ƙasa, sai ka ce zinariya aka rataya mata. To, ita ce marga. A lokacin da ƙasa ta fi muni, a lokacin ita ta fi kyau.

Abin mamaki shi ne, ka zaga gari tun daga wannan ƙofa har waccan, da wuya ka ga marga guda wadda wani ya dasa da hannunsa. Ko'ina sai dogon yaro. Ba laifin dogon yaro nake gani ba, gama tun da aka kawo shi ƙasar Barno a 1928 ya yi mana aikin inuwa da ba a mantawa. Amma baƙo ne daga Indiya, ga shi ya cika gari, 'yar gida kuwa tana can daji masu gawayi suna sara, masu magani suna tonon saiwarta, ba mai mayarwa. In muka yi sake, 'ya'yanmu sai dai su ji labarin furenta. Saboda haka yau zan gaya muku yadda ake gane ta, da yadda ake renonta tun daga ƙwaya har ta kai ga fure.

SUNANTA DA INDA TAKE FITOWA

Waɗansu na ce mata marga, waɗansu malga, waɗansu kuma gama-faɗa. Wani likita Bature, Dokta Dalziel, wanda ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa ya buga littafi a 1916, ya tarar ana kiranta da waɗannan sunaye. Mutanen Mali masu jin Bambaranci suna ce mata sinjan. A makarantar aikin gona kuwa sunan da muka koya shi ne Cassia sieberiana. Wani masanin tsirrai mai suna De Candolle ne ya raɗa mata shi a 1825, don tunawa da Sieber, wani mutumin birnin Prag mai yawon tattara tsirrai.

Na sha gamuwa da wanda ya ce shi ba zai kai gama-faɗa gidansa ba, wai kada matansa su yi ta rigima. To, ɗan'uwa, suna ne kawai. Itace ba ya haɗa faɗa, ba ya kuwa raba shi. Gidan da babu marga ma ana yin faɗa a cikinsa.

Tana fitowa tun daga ƙasar Sanagal, ta biyo Mali da Barkina Faso da kudancin Nijar da Nijeriya, har Sudan da Yuganda. Ba ta da zaɓen ƙasa ƙwarai. Za ka same ta a kan marmara, da wuri mai tsakuwa, da gindin tsohon suri, da gefen rafi inda ruwa ba ya kwanciya. A ƙasarmu ta arewa ba ta cika wuce ƙafa 20 zuwa 30 ba, ko da yake can kudu inda ruwa ya fi yawa takan fi haka tsawo. Wannan ƙanƙantar tata ita ce ta sa ta dace da ƙofar gida, da filin makaranta, da bakin hanya.

YADDA ZA KA GANE TA

Abubuwa huɗu za ka duba.

Na fari, fure. Yana fitowa tsakanin Fabrairu da Mayu, galibi sa'ad da itaciyar ta zubar da tsohon ganye, sabo bai gama fitowa ba. Furanni suna jeruwa ne a jikin wani siririn tsinke mai tsawon ƙafa 1 zuwa ƙafa 1 da rabi, tsinken kuwa ƙasa yake ratayowa kamar geza, iska na kaɗa shi. In ka tsinko fure guda ka duba, za ka ga kunnuwa 5 rawaya, da waɗansu siraran zare a tsakiya, 3 daga cikinsu dogaye masu lanƙwasa kamar ƙugiya. Wanda ya san furen rai-ɗore ko na tafasa zai ga kama, gama dangi ɗaya ne, sai dai na marga ya fi girma.

Na biyu, kwanso. Wannan ita ce shaidar da ba ta ƙarya, tun ba lokacin da fure bai fito ba. Kwanson marga dogo ne mulmulalle kamar makaɗin ganga, kaurinsa kamar ɗan yatsa, tsawonsa ƙafa 1 da rabi zuwa ƙafa 2 da rabi. In ya nuna sai ya yi baƙi-baƙi, ya daɗe rataye a bisa, ba ya tsagewa don kansa yadda na wake ke yi. In ka karya shi za ka tarar an rarraba cikinsa ɗaki ɗaki, kowane ɗaki da ƙwaya guda.

Na uku, ganye. Tsinken ganye ya kai kamar taƙi guda ko ƙafa 1, ƙananan ganyaye suna jere a jikinsa biyu biyu, wannan na duban wannan, daga jeri 5 zuwa 9, wani lokaci fiye. Kowane ƙaramin ganye ya kai inci 2 zuwa 4, samansa da ɗan sheƙi, bakinsa sumul, ba shi da haƙora irin na dogon yaro. A ƙarshen tsinken ma biyu ne, babu tilo.

Na huɗu, ɓawo. Na tsohuwar marga baƙi-baƙi ne mai kaushi da tsage-tsage. Gindinta gajere ne, sau da yawa a karkace, rassa kuma suna buɗewa su ɗan sunkuyo. Ba ta da ƙaya ko kaɗan.

KADA 'YAN'UWANTA SU RUƊE KA

Akwai itatuwa masu fure rawaya da mutum zai iya ɗauka marga ce, ya yi ta wahalar reno a banza.

Akwai kasiya, wadda aka kawo daga ƙasashen Asiya aka dasa a bakin hanyoyi da gandun itacen wuta. Ita furenta sama yake dubawa a kan rassa, ba ya rataya, kwansonta kuwa shimfiɗaɗɗe ne kamar ɗamara, ba mulmulalle ba. Ba ta kuma yin tsirara da rani kamar marga.

Akwai rumfu. Shi ma da rani yake fure, amma ƙarami ne, bai cika wuce tsawon mutum biyu ba, furensa dunƙule yake a kan reshe, kwansonsa gajere ne mai gaɓa-gaɓa.

Akwai kuma wata 'yar'uwarta ta Indiya da akan gani a tsofaffin lambuna na bariki. Wannan ita ta fi kama da marga, gama ita ma furenta ratayowa yake yi. Bambancinsu, ganyenta ya fi faɗi da girma, kwansonta ya fi kauri, ɓawonta kuwa fari-fari ne mai santsi. Ita ma tana da kyau, amma tamu ce ta saba da wutar daji da dogon raninmu.

In ka yi shakka, ka karyo reshe mai ganye da kwanso ka kai wa malamin daji na yankinku ya duba maka. Tambaya ba ta ɓad da mutum.

TARA IRI

Kwanso yakan nuna tun daga kaka har cikin hunturu. Kada ka tsinci na ƙasa, gama ƙwari sun riga ka. Ka tsinko na bisa wanda ya bushe, wanda in ka girgiza shi za ka ji ƙwaya na motsi. Ka ɗebo daga itatuwa 3 ko 4 masu lafiya, kada ka tsaya kan guda.

Ka zuba kwanson a turmi ka ɗan daddaka a hankali, ba dakan gari ba, don ya farfashe kawai. Sa'an nan ka sheƙe, ka tsince ƙwayar. Duk wadda ka ga ɗan rami a jikinta, tsutsa ta cinye cikinta, jefar da ita. Sauran ka zuba a ƙwaryar ruwa. Wadda ta taso sama fanko ce, wadda ta nutse ita ce iri. Ka shanya ta a inuwa ta bushe sarai, ka zuba a kwalba da ɗan toka, ka toshe, in ba yanzu za ka shuka ba.

TA DA IRI DAGA BARCI

A nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, ni ma a nan na faɗi. Shekarar da na fito makaranta aka sa ni kula da wani lambun renon itatuwa. Na tara irin marga cike da gwangwanin madara, na shuka shi yadda na tsince shi, na yi ta ban ruwa safe da yamma har wata guda. Abin da ya tsiro bai cika yatsun hannu ba. Na fara cewa irin ne ya mutu. Wani tsohon lebura da ya girmi ubana ya tono ƙwaya guda ya miƙo mini, ga ta nan garau kamar ranar da na binne ta. Ya ce, "Malam, ai ruwanka bai shiga ba. Rigar ƙarfe gare ta." Ya ɗauko magagari ya goga mata kaɗan. Waɗanda muka goga ran nan, kafin mako biyu sun fasa ƙasa. An koya mana wannan a aji, amma sai ran nan ya zauna mini.

Dalili kuwa shi ne, fatar ƙwayar marga tauri gare ta, ruwa ba ya ratsa ta. Haka aka halicce ta don ta jure rani da wuta a daji. Kai da kake so ta tsiro yanzu, tilas ka buɗe wa ruwa ƙofa. Hanya biyu ce.

Ta fari, in irin kaɗan ne, ka goga gefen kowace ƙwaya a jikin magagari, ko dutse mai kaushi, ko daɓen siminti, har ka hango fari-farin ciki. Da ka gani ka tsaya. Ka goga gefen da ke nesa da ɗan idon ƙwayar, gama ta wajen idon ne saiwa za ta fito. Sa'an nan ka jiƙa cikin ruwan sanyi kwana guda.

Ta biyu, in irin da yawa ne, ka tafasa ruwa, ka sauke tukunyar daga wuta, ka zuba irin a ciki, ka bar shi nan har ruwan ya huce ya kwana. Lura fa, a sauke tukunya tukuna. In ka bar iri yana tafasa a kan murhu, dafa shi ka yi.

Da safe za ka ga waɗansu sun kumbura sun kusa ninka girmansu. Su za ka shuka nan da nan. Waɗanda ba su kumbura ba ka goga musu, ka sāke jiƙawa.

RENO A LEDA

Lokacin shuka a leda shi ne Fabrairu zuwa Maris, domin dashen ya sami wata 3 ko 4 kafin damina ta zauna. Ka nemi baƙar ledar reno mai zurfin inci 8 ko fiye. Ledar ruwan sha ta yi gajarta, gama marga doguwar saiwa take saukarwa tun tana ƙarama. Ka huhhuda gindin ledar don ruwa ya riƙa fita.

Ga haɗin ƙasa: kwano 2 na ƙasar gona ta sama, kwano 1 na rairayi, kwano 1 na takin shanu wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, yana kuma kiran gara. Ka sa ƙwaya 2 a kowace leda, zurfin rabin inci. In duka sun tsiro, ka cire raunanar ka bar mai ƙarfi.

Ka jera ledojin a ƙarƙashin 'yar rumfar kara wadda rana ke ɗan ratsawa, ka tsare su daga kaji da awaki. Ban ruwa safe da yamma, amma laima ake so, ba taɓo ba. Kowane mako biyu ka ɗaga leda ka sāke mata wuri. In ba ka yi haka ba saiwa za ta huda leda ta kama ƙasa, ran da ka zo ɗauka ka tsinke ta, dashe ya yi yaushi. Saura mako biyu a dasa, ka yaye rumfar, ka rage ruwa, don su saba da rana.

Wanda ba shi da halin leda yana iya shuka ƙwaya 3 da aka jiƙa kai tsaye a ramin da ya shirya, bayan ruwa ya zauna, daga baya ya bar guda. Wannan ma tana yi, muddin an kewaye wurin.

ZAƁEN WURI DA DASHE

Marga rana take so. In ka sa ta ƙarƙashin mangwaro ko dogon yaro za ta miƙe siririya, fure kuwa sai kaɗan. Kada ka sa ta a kwari inda ruwa ke kwana da damina. Ka ba ta ƙafa 15 daga bangon ɗaki, da rijiya, da masai, kada kuma ka dasa ta daidai ƙarƙashin wayar lantarki. In jeri za ka yi a bakin hanya ko filin makaranta, ka bar ƙafa 20 zuwa 25 tsakaninsu. Ka zaɓi inda za a riƙa ganinta daga zaure ko daga rumfar kanti, gama don ido aka dasa ta.

Ka haƙa rami tun da bazara, faɗi ƙafa 2, zurfi ƙafa 2. Ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda. Ka gauraya ta saman da kwando guda na ruɓaɓɓen taki, ka mayar cikin ramin, ka bari ruwan fari ya kwantar da ita.

Kada ka yi gaggawar dashe da ruwan fari, gama sau da yawa yakan ɗauke. Ka jira sai ruwa ya zauna, watau wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli a ƙasashen Kano da Zazzau da Bauci. Da yamma ake dashe, ko ran da hadari ya rufe rana. Ka tsaga ledar da reza ka cire ta duka, kada ka binne da ita, kada kuma ka bari ƙasar da ke riƙe da saiwa ta warwatse. Wuyan dashen ya zauna daidai da fuskar ƙasa, kada ya nutse. Ka danna ƙasa da ƙafa a hankali, ka yi mata ɗan gurbi kewaye don tare ruwa.

KULA DA ITA

Ranar da ka dasa, a ranar za ka kewaye. Ba gobe ba. Akuya ba ta san wahalar wata huɗu ba, cizo guda ya ishe ta. Ƙaya, ko tsohon kwando marar gindi, ko tubali da aka jera da 'yan kafofi, duk suna yi. A bar kewayen har kan itaciyar ya fi ƙarfin bakin dabba.

Rani biyu na fari ka riƙa ba ta ruwa garwa guda, sau ɗaya ko sau biyu a mako. Gara ka ba ta da yawa lokaci guda ya sauka ƙasa, da ka riƙa yayyafa mata kullum, gama yayyafi a sama yake tsai da saiwa. Ruwan ɗauraya marar sabulu ya isa. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gurbin don laima ta daɗe, amma kada ta taɓa jikin itaciyar saboda gara. In ka ga gara ta fara gini, ka rushe, ka barbaɗa toka. Da kaka ka nome ciyawar da ke kewaye da ita saboda gobara. Babbar marga takan tofo bayan wuta, ƙarama kuwa sai ta koma baya.

Bayan ta kafu, ka daina ba ta ruwa da hunturu. Bushewar nan ita ke sa ta zubar da ganye ta ɓarke da fure gaba ɗaya. Mai yawan shayar da ita ganye zai samu.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Marga tana son yin rassa tun daga ƙasa. In kana so ta yi gindi guda a zauna ƙarƙashinta, ka zaɓi reshe ɗaya miƙaƙƙe ka ɗaure shi da sanda, ka riƙa rage na ƙasa kaɗan kaɗan kowace shekara da wuƙa mai kaifi, har gindin ya wuce kan mutum. Bayan fure ya kaɗe ake wannan aiki, watau farkon damina. Wanda ya datse rassa da hunturu, furen bana ya datse.

Sai kuma haƙuri. Ba ta da saurin dogon yaro, sai ta yi 'yan shekaru kafin ka ga furen fari. Amma in ta fara, kowace bazara sai ta biya ka.

GARGAƊI BIYU

Na ɗaya, ko da yake marga dangin wake ce, ba ta ƙara wa ƙasa taki ta saiwa yadda wake da gyaɗa da gawo ke yi. Saboda haka kada ka sa ta tsakiyar gona kana jiran gero ya yi kyau a gindinta. Wurinta iyakar gona, da ƙofar gida, da bakin hanya. Amfaninta ban da ƙawa shi ne, ƙudan zuma na samun abinci a furenta lokacin da fure ya yi wuya a daji, icenta kuma tauri gare shi, gara ba ta cinsa da sauƙi, ana ƙota da taɓarya da shi.

Na biyu, kowa ya san ana jiƙa saiwarta da ɓawonta don wankin ciki. Gaskiya ne tana sa zawo, don haka ne ma take da haɗari in an sha da yawa, tun ba ga yara da mata masu ciki ba. A hana yara tauna kwansonta. Wanda ba shi da lafiya ya tafi asibiti. In kuwa ka dasa taka, ka sa ido, kada masu neman magani su kewaye gindinta da sassaƙa. Itaciyar da aka ɓare wa ɓawo kewaye ta mutu, ko da ganyenta bai nuna ba tukuna.

To, ga aikin wannan mako. Ran da ka fita gona ko hanyar kasuwar ƙauye, ka duba itaciya mai dogayen kwanso baƙaƙe suna rataye. Ka tsinko 5 ko 6, ka goga ƙwaya 20, ka cika leda 10. Ka dasa biyu a ƙofar gidanka, sauran ka ba maƙwabta da babban malamin makarantar unguwarku. Wanda ya gwada ya gamu da wata matsala, ya rubuto wa wannan fili, za mu amsa masa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan yadda ake tara takin gargajiya kafin damina. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Malamin Gona